Shafi Na Arba'in Da Ɗaya

A garinmu ruwan sama ɗan gida ne,
ko sallama ba ya yi.
Ɓaraguzan dutsen da kakanninmu suka fasa
suna nan tsibi-tsibi a bayan gari,
baƙaƙe, jiƙaƙƙu, kamar shanun da suka ƙi tashi.

Ni ce Tegwen. Shekara ashirin da biyu
ina tsaron ɗakin ƙasa na laburare,
inda wannan lungu na arewacin Wales
ya jibge abin da bakinsa ya gaji da faɗa:
rasit ɗin mai burodi, wasiƙun 'yan ci-rani,
taswirar gonar da rami ya haɗiye.

Akwati na tara shi ne nawa na zuciya.
Littafi ne na bukkar masu fasa dutse,
inda suke shan shayin rana, hannu duk kanta.
Bangonsa har yau warin hayaƙi yake.

“An ci tarar Caradog sisi, ya yi ashar.”
“Muhawarar yau: teku da dutse, wa ya fi haƙuri?
Ba a gama ba, ƙararrawa ta katse mu.”
“An tara sule huɗu don matar Emlyn,
wanda igiya ta ci amanarsa ran Talata.”

Daga arba'in sai arba'in da biyu.
Tsakani, wani ya yage shafi ɗaya,
ya bar ɗan geza a jikin zare.
Na rubuta a kundi: ya ɓata.
Amma yatsana kullum can yake komawa,
yadda harshe ke komawa giɓin haƙori.

Wata Alhamis sai ga wani tsoho,
lemarsa na ɗiga a kan daɓen da na goge.
Na so in yi magana. Na haɗiye.
Ya ce sunansa Idwal. Ya huta kan kujera,
ya bar tari ya gama da shi tukuna,
sannan ya ciro gwangwanin taba,
ciki takarda an ninke ta takwas.

Ya ce: “Uwata ce ɓarauniyar.
Sun kawo mata littafin wajen zaman makoki
don ta ga abin da mijinta ya rubuta.
Suna juya baya neman huluna,
ta yi abin da ta yi.
Ni ina zanin goyo, ban shaida ba.
Ƙarƙashin matashinta ya kwana shekara hamsin,
ya ƙarasa sauran a aljihuna.
Ba ni da ɗa, ba ni da jika,
yana kuma ta rufe min ido.
Karanta min.”

Na sa safar hannu. Na warware a hankali.
Fensir ne, ya kusa komawa toka.
Baiti ɗaya tak, da sawun babban yatsa a gefe:

“An haifa min namiji daren jiya.
Na auna tafinsa da nawa, na ji tsoro.
Dutse, ka ci ni, ka ci ubana,
wannan kam ka kawar da kai.”

Tsohon ya yi dariya har tarin ya dawo.
“Ya kuwa kawar. Wasiƙu na raba a keke,
shekara arba'in, ban taɓa riƙe guduma ba.”

Na kai takardar bakin gezar nan.
Kowane lanƙwasa ya gane ɗan'uwansa.
Ban liƙa ba, dokar aikinmu ta hana.
Na sa ta a farar ambulan, na kwantar a gurbinta,
na ɗauki magogi, na share “ya ɓata”.

A bakin ƙofa ya juyo:
“In na yi kewa fa?”
Na ce muna nan har ƙarfe biyar.

Yau Alhamis ce. Na shimfiɗa tsumma a daɓe.
Ga ƙarar sanda can tana ƙirga matakala.